Jirgin Su Ko Jirgin Iyali?

Tambayar wannan fitowa ta zo mana daga wani magidanci da ya ajiye aikin gwamnati ya koma gida Gaya. Ya tara ƴan kuɗinsa yana son sayen jirgin ruwa guda, ya riƙa fita su da asuba domin samun na cefane, ranar hutu kuma ya ɗauki maiɗakinsa da yara su sha iska a kan Kwara, ko su haye ziyarar dangi. Ya ce masunta sun ba shi shawara iri ɗaya, masu fito sun ba shi wata, ya rasa ta kamawa.

Dukansu gaskiya suka faɗa masa, domin kowa ya auna jirgin da aikinsa. Masunci yana son jirgi siriri marar nauyi, wanda mutum ɗaya zai sarrafa da filafili, ya kutsa cikin ciyawa inda tarwaɗa take, bakinsa kuma kusa da ruwa don jawo taru ya yi sauƙi. Irin wannan jirgi yana da lilo, amma Basarke da aka haifa a cikinsa yana tsayawa a kan ƙafafunsa ya jefa birgi ko gezau. To ku zuba masa yara huɗu. Da zarar ɗaya ya hango kifi ya yi ihu, sai duka su ruga gefe guda, abin da zai biyo baya kuwa ba sai mun faɗa ba. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, wanda ƙarfinsa bai wuce jirgi ɗaya ba, ya zaɓe shi da ma'aunin mafi rauni cikin waɗanda za su shiga, wato ƙaramin yaron da bai iya iyo ba. Su zai yiwu a jirgin iyali, ko da da ɗan wahala, amma jirgin su bai ɗaukar iyali.

Wannan ya fitar da kwalekwalen da ake sassaƙawa daga gungume ɗaya. Muna ganin girmansa, da shi kakanni suka ci wannan kogi, kuma na maɗaci yana daɗewa ƙwarai. Sai dai faɗinsa ba ya wuce kaurin itacen da aka sare, manyan itatuwa kuwa sun yi ƙaranci, saran su ma sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Abin da ya dace da ɗan uwanmu shi ne jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen ciki, tsawon mita 7 zuwa 8, faɗinsa ya haura mita ɗaya sosai. Shimfiɗaɗɗen ciki yana rage lilo, kuma yana wucewa a ruwa marar zurfi. Wannan na biyu ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san halin Kwara: ruwan damina yana cika ta a Agusta da Satumba, ruwan da ya taso daga Gini ya iso wajen Disamba da Janairu, sannan ta janye har yashi ya fito a tsakiyarta a Mayu da Yuni. Manya suna tuna 1985, shekarar da ta daina gudu a Yamai, mu kuma mun ga 2020, lokacin da ta kai kusan mita 7 ta shiga unguwanni. Jirgin da za a saya sai ya iya da fuskokin nan duka.

In an je wurin kafinta, kada fenti ya ruɗi mai saye. A kifa jirgin a duba haɗin katakai, a danna wuƙa a wuraren da ruwa yake kwanciya, in ta shige da sauƙi itacen ya fara ruɓa. A nemi ganinsa cikin ruwa, a bar shi wuni guda a ga yawan abin da yake sha. Sa'an nan a yi gwajin da muka fi ba muhimmanci: a sa manya su shiga daidai nauyin iyalin da kayansu, a auna tsakanin ruwa da bakin jirgi. A ganinmu in bai kai taƙi biyu ba, jirgin ya yi wa wannan gida kaɗan, ko da mai sayarwa ya rantse cewa yana ɗaukar mutum goma sha biyar ranar kasuwa. Yana ɗauka ɗin, mun sani. Haka aka ɗauki mutanen da suka taso daga biki a yankin Patigi ta Najeriya a watan Yunin 2023, fiye da 100 ba su koma gida ba.

Maganar inji gajeriya ce. Mai ƙarfin doki 15, irin Yamaha ɗin da ya cika bakin kogi, ya ishi jirgi mai wannan girma, kuma kayan gyaransa da masu gyaransa ba su da wuyar samu. Mai doki 40 na masu dakon kaya ne, a ƙaramin jirgi sai shan mai da ɗaga goshi. Ko da inji, filafili biyu da doguwar gora kada su fita daga jirgin, domin ciyawar nan mai kama da kainuwa da ta mamaye kogin takan naɗe farfela a inda ba a zata ba.

Akwai kuma ɗan gyaran da zai raba aikin biyu a cikin jirgi ɗaya. A sa kafinta ya kafa benci biyu ko uku ƙasa-ƙasa, don mazauna su yi kusa da cikin jirgi, ya yi akwati mai murfi a goshi inda ƙugiyoyi da wuƙa za su kwana a kulle. Duk wanda ƙayar kurungu ta taɓa soka a tafin ƙafa ya san dalilin da ya sa muke cewa a wanke jirgi tas kafin yara su shiga, ga santsin kifi da yake kayar da babba ma. Rumfa tana da daɗi ga iyali a zafin rana, amma a yi ta wadda ake cirewa: tana hana jefa birgi, kuma iskar hadarin farkon damina tana kama ta kamar tabarma.

Mun bar rigar ruwa daga baya da gangan, saboda a nan ne ake samun gardama. Wasu sukan ce in kwana ya ƙare riga ba ta hana komai. Mu da muka tashi a zauren karatu ba mu taɓa jin malami ya ce tawakkali yana kore riƙo da sababi ba, jirgin Annabi Nuhu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da katako da ƙusa aka yi shi. Kuɗin riguna yana cikin kuɗin jirgi, kowane rai da tasa, ta yaro kuma daidai jikinsa, don ta babba takan zame masa ta kai da zarar ya faɗa ruwa. In kuɗin bai kai ba, a sayi rigunan a jinkirta injin zuwa baɗi. A ƙara da bido huɗu na lita 20, babu komai ciki, a toshe su gam a ɗaure ƙarƙashin benci: kowane ɗaya yana riƙe kusan kilo 20 a kan ruwa, huɗun sun fi ƙarfin nauyin injin da zai ja jirgin ƙasa in ya cika.

Ɗan uwanmu bai taso cikin sana'ar ruwa ba, don haka muna ba shi shawara ya yi watannin farko tare da wani Basarke, ya koyi inda duwatsu suke da inda dorina take kiwo, ya nemi takardar izinin su, kuma kada ya ɗauki iyali sai ya iya juya jirgin shi kaɗai a cikin ruwa mai gudu. Fitar iyali ta kasance da hantsi, a dawo kafin la'asar.