Gyaran Madafa a Lau: Murhu Kafin Tayil

Tun bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon siminti da tayil daga Jalingo zuwa Lau ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka wajibi ne magidancin da ke son sabunta tsohuwar madafarsa da ɗan abin hannunsa ya san inda zai fara.

Kamata ya yi a fara da murhu. Murhun duwatsu uku yana cin itace, yana kuma turnuƙe uwargida da hayaƙi. Murhun laka mai bututun hayaƙi kuwa, maginin unguwa zai gina shi da ƙasar gari, kuma rarar kuɗin itace za ta mayar da abin da aka kashe.

Daga nan sai a ɗaga daɓe da ma'ajin hatsi, domin Lau tana bakin kogin Binuwai, kuma ba a manta da ambaliyar 2012 ba. Tayil da fenti su jira kaka.

Ga magina da maƙera, kasuwa ce ta buɗe, matuƙar za su yarda a biya su kaɗan-kaɗan da kuɗin adashe.