Hira a Tsakar Gida: Hoton Tafiya Ƙasar Gobir

Damina ta zauna, makarantu sun kusa tashi dogon hutu, iyalai da yawa kuwa suna shirin kai yara ganin dangi. Bari mu yi zancen hoton da mukan ɗauka a tafiya.

A cikin akwatin marigayiya uwata akwai wani tsohon hoto mai fari da baƙi. Mutum huɗu ne tsaye a bakin gulbi, ga kwalekwale a bayansu. Ta taɓa gaya mini a Sabon Birni aka ɗauke shi, sa'ad da ubana yake malanta a can. Ubana na gane, amma sauran ukun fa? Ba a rubuta kome a bayan hoton ba, waɗanda za su faɗa mini kuwa duk sun rasu.

Ƙasar Sabon Birni da Isa tana da abin gani. Nan ne kufan Alkalawa yake, babban birnin Gobir, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta. An ci birnin da yaƙi a 1808, daga baya waɗansu Gobirawa suka yi arewa suka kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi, a 1836. Shi ya sa har yau iyaka ba ta raba dangi ba. Ga gulbin Rima, ga Bunsuru ta wajen Isa, ga fadamu, ga tsofaffi masu tsagar Gobirawa a kumatu, irin wadda ba a cika yi wa yaran yanzu ba.

Amma in yaro ya nemi sunan Sabon Birni a waya, me zai gani? Zai ga labarin watan Mayu 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan yankin. Zai ga motar matafiya da aka ƙone kusa da Gidan Bawa a Disamba 2021. Zai ga bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana roƙo a hannun waɗanda suka sace shi, kafin rasuwarsa a Agusta 2024. Dubban mutane sun gudu zuwa jihar Maraɗi. Wanda ya bar garinsu da dare, watakila hoton ƙofar gidansu shi ne kaɗai abin da ya rage masa.

In mun bar masu mugunta su kaɗai suna ɗaukar hoton ƙasar nan, jikokinmu ba za su san ta da wata fuska ba sai ta jini. Saboda haka wanda tafiya ta kai shi can, ko wani garin dangi, bari ya ɗauko abin kirki. Amma hoto amana ne. Ga shawarata.

Da fari, rai ya fi hoto. Kada ku kama hanya sai kun tambayi mutanen gari halin da ake ciki. In sun ce a dakata, a dakata. Kada a tsai da mota a daji don ganin gona ta yi kyau. Kada a ɗauki soja ko shingen bincike.

Na biyu, kada ku sa hoto a Facebook ko WhatsApp kuna kan tafiya. Ku bari sai kun koma gida. Hoto yakan nuna gidan wane ne, da shanu nawa ke garke, da ranar da baƙi suka sauka. Ba masoyi kaɗai ke kallo ba.

Na uku, ku nemi izini, tun ba a gidan da mata suke kulle ba. Wanda ya ƙi, a kyale shi da fara'a. Bidiyon gawa ko na wanda ake wulakantawa kuwa, in ya iso wayarku, ya tsaya nan. Mutumin nan uban wani ne.

Na huɗu, ku ɗauka da safe ko da la'asar, rana tana bayanku. In bidiyo ne ku kwantar da wayar, ku riƙe ta da hannu biyu. Ku zaunar da kaka a inuwa ta faɗi sunan kakanninta da garin da suka fito, gama murya ma gado ce.

Na ƙarshe, waya takan faɗa ruwa, takan ɓata. Ku zaɓi hotuna biyar ko goma a wanke muku a takarda. A bayan kowane ku rubuta suna, da gari, da shekara. Ku sa yara su rubuta da hannunsu, don su riƙe.

Gani ya kori ji, in ji masu magana, amma sai in an san wanda ake gani. Ni har yau ina duban mutanen nan uku na bakin gulbi, ban san abin da zan gaya wa jikokina ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba ƙasar Gobir salama. Sai wata mai zuwa.