Shigar Haske Ba Gani Ba Ne

A bayan baƙin ido akwai ɗan madubi garai-garai mai tattara haske, ya ɗora hoto a tantanin da ke can ƙuryar ido. Yanar ido dushewar wannan madubin ce. Mai aikin gargajiya da ke zagaya ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu yakan soka tsinke ya ture shi ciki. Haske ya shiga, tsoho ya yi hamdala, alhali babu sauran abin da zai daidaita hoton, ga haɗarin makanta ta dindindin. Likita kuwa cirewa yake yi, ya dasa na roba. Kuɗin motar kai mahaifi asibitin ido na ECWA a Kano bai kamata ya gagari ɗa mai albashi ba.