Haƙurin Bakhita Ba Mafakar Azzalumai Ba Ne

Akwai masu wa'azi da ke ɗaukar sunan Tsarkakakkiya Josephine Bakhita su toshe bakin wanda aka zalunta. Yarinya tana aikatau ba a biyanta, sai a ce ta yi haƙuri irin na Bakhita. Wannan koyarwa karkatacciya ce, tarihin baiwar Allahn nan kuwa ya ƙaryata ta.

An haife ta a Darfur wajen 1869. Tana ƙarama 'yan fataucin bayi suka sace ta, suka sa mata suna Bakhita, wato mai sa'a. Aka yi ta sayar da ita, wata uwargijiya ta sa aka yi mata tsaga 114, aka cusa gishiri a ciki. A 1883 wani jakadan Italiya, Callisto Legnani, ya saye ta a Hartum, a 1885 ya tafi da ita ƙasarsu. A wurin sistocin Kanosa na birnin Venis ta san Almasihu.

Ga abin da masu wa'azin nan suke tsallakewa. Da uwargidan Michieli ta zo za ta mayar da ita Sawakin, Bakhita ta ƙi. Magana ta kai gaban hukuma, ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa ita 'ya ce, ba baiwa ba. Sai bayan haka ta karɓi baftisma, a Janairu 1890. Gaskiya ne ta gafarta wa waɗanda suka sace ta, amma ba ta koma hannun mai mallakarta ba. Gafara dabam, miƙa wuya ga zalunci dabam.

Ta rasu a Schio ranar 8 ga Fabrairu 1947. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin tsarkaka a 2000. Ita ce majiɓinciyar Sudan da ta waɗanda aka yi fataucinsu, tun 2015 kuma ranar idinta ta zama ranar addu'a a kan fataucin mutane.

Maganar ta shafi Mafaza. A 2021 aka buɗe sansanin Tunaidiba a yankin domin masu gudun yaƙin Tigray, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 kuma ya koro dubbai zuwa Gadarif. Baƙon da yunwa ta kama, shi ake ɗauka aikin gona a hana shi ladansa. Mai bi da ya rataye hoton Bakhita a ɗakinsa, ya fara biyan ɗan ƙodagonsa. Ikkilisiya kuma ta yi abin da sistocin Kanosa suka yi: ta tsaya tare da wanda ya ce ya ƙi.