Daina Liƙe Fitilar Taya Da Salatif

Ɗan uwa mai a-kori-kura, ka canza rim da tayoyi, fitilar iska ta kama a dashbod, mai faci ya ce "rabu da ita Alhaji", ka liƙe ta da salatif. Haba!

Ni gyaran waya nake, amma sensa sensa ce. Tana cikin rim, jikin bawul. Galibin motocin Amurka 315MHz suke ji, na Turai 433MHz. In ba su dace ba, motar ta kurumce. Duba lambar jikin tsohuwar kafin ka saya, ko a mayar da ita sabon rim. In sabuwa ce, a yi mata rajista da na'ura.

Ranar da taya ta sace kana gudu da lodi, salatif ba zai faɗa maka ba.