Buhu 50 Ba Zai Ciyar Da Mazaɓa Ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan tallafin abinci da gwamnati ke rabawa tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da tura tirelar shinkafa 20 ga kowace jiha, kowace tirela da buhu 1,200 mai kilo 25. Jimla buhu 24,000 ke nan. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, don haka ko an raba tsakani da Allah, kowace mazaɓa buhu kusan 50 za ta samu, alhali gidajen mabuƙata a cikinta sun kai dubbai. A lokacin kuwa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, har wasu gidaje sun koma cin afafata, shinkafar da a da kifi ake ba wa.

Ƙarancin buhunan ne ya sa ake farke buhu a riƙa aunawa da kwano. Bazawara mai marayu biyar, wadda da wankau take ci da su, za ta bar aikinta tun asuba ta bi layi, rana ta dake ta, ta dawo da kwano ɗaya. Ta yi asarar kuɗin yini, shinkafar kuma kafin jibi ta ƙare. Wata ko kwanon ba ta samu, saboda sunayen masu karɓa a hannun 'yan siyasa suke. Turereniyar rabon shinkafa har rayukan ɗalibai ta ci a Keffi a watan Maris na 2024.

Ban raina tallafi ba, domin wanda ya kwana da yunwa ya san darajar loma. Amma yunwa kullum take zuwa, rabo kuwa sai an ga dama.

Ina kira ga hukumomi su tantance mabuƙata tare da masu unguwanni da limamai, a liƙa sunaye a bainar jama'a, a kuma sa ranar rabo duk wata. Sannan a tabbatar da ciyar da yara a makarantun firamare ba yankewa, domin wannan abincin kai tsaye yake shiga cikin yaro. Da haka uwa za ta san abin da za ta dogara da shi.



Mai karanta jaridarku,
daga Kano