Yadda idon Afirka ya taimaka wajen rusa dokokin wariya a Amurka

A watan Yunin 1961, sabon jakadan Chadi a Amurka, Adam Malick Sow, ya taso a mota daga New York zuwa Washington domin miƙa takardun kama aiki ga Shugaba John F. Kennedy. Ya tsaya a wani gidan abinci da ke kan babbar hanya mai lamba 40 a jihar Maryland don ya sha kofi, aka ƙi sayar masa saboda baƙar fata ne. Ba shi ne na farko ba. A watan Oktoban 1957 an yi wa ministan kuɗi na Ghana, Komla Gbedemah, irin wannan wulaƙanci a birnin Dover na jihar Delaware, har sai da Shugaba Dwight Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar White House don a wanke laifin.

Masu ba da tarihin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu sukan raba shi gida biyu: Yaƙin Cacar Baka da Tarayyar Sobiyet a waje, gwagwarmayar baƙaƙen fata a cikin gida. Wannan rabo yana ɓoye wani abu mai muhimmanci. Abubuwan biyu igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma Afirka tana riƙe da wani ɓangare na igiyar.

Tun 1947 Shugaba Harry Truman ya shelanta cewa Amurka za ta tsaya wa al'ummomin da ke son 'yanci a duk inda kwaminisanci ke yi musu barazana. Amma a daidai wannan lokaci, a jihohin kudancin ƙasar, doka ta raba makarantu da asibitoci da kujerun bas da famfon shan ruwa tsakanin fari da baƙi, an kuma toshe wa miliyoyin baƙaƙe hanyar jefa ƙuri'a ta hanyar harajin zaɓe da jarrabawar karatu da tsoratarwa. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Jaridu da rediyon Moscow ba sa bukatar ƙirƙirar ƙarya, sai dai su ɗauko labarin abin da ya faru a Mississippi ko Alabama su baza wa duniya.

Gwamnatin Amurka ta san da haka, ta kuma faɗa a rubuce. A watan Disamban 1952 ma'aikatar shari'a ta miƙa wa Kotun Ƙoli bayani a ƙarar da ake yi kan raba makarantu, ta haɗa da wasiƙar sakataren harkokin waje Dean Acheson, wanda ya bayyana cewa wariyar tana lalata dangantakar ƙasar da sauran duniya. Ranar 17 ga Mayun 1954 kotun ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata, nan take Muryar Amurka ta watsa labarin cikin harsuna da dama. A watan Satumban 1957, da gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya sa dakarun jiha suka hana ɗalibai baƙaƙe tara shiga wata makarantar sakandare a Little Rock, Eisenhower ya tura sojojin tarayya kimanin dubu suka raka yaran aji. A jawabinsa ga ƙasa ya fito fili ya ce abokan gaba suna murna da abin da ya faru, suna amfani da shi wajen ɓata sunan Amurka.

Watanni shida kafin haka Ghana ta samu 'yancin kai. A 1960 ƙasashen Afirka 17 suka biyo baya, ciki har da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Kowace tana da ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, kowace Amurka da Sobiyet suna zawarcinta. Jakadunsu kuwa suna bin waccan hanya mai lamba 40, ana korarsu daga gidajen abinci, masu gidajen haya a Washington suna rufe musu ƙofa. Lamarin ya kai ma'aikatar harkokin waje ta kafa wani sashe na musamman ƙarƙashin Pedro Sanjuan, wanda ya je gaban majalisar dokokin Maryland yana roƙon a hana wariya a wuraren cin abinci. Ma'aikatar da aikinta hulɗa da ƙasashen waje ta koma kamun ƙafa a majalisar jiha.

A watan Mayun 1963 hotunan karnukan 'yan sanda da ruwan kashe gobara da aka sakar wa yara masu zanga-zanga a Birmingham suka zagaye duniya. A cikin watan ne shugabannin Afirka suka taru a Addis Ababa suka kafa ƙungiyar OAU. Firaministan Uganda, Milton Obote, ya rubuta wa Kennedy buɗaɗɗiyar wasiƙa ta nuna ɓacin rai, taron kuma ya fitar da matsaya kan wariyar da ake yi a Amurka. Watanni biyu bayan haka sakataren harkokin waje Dean Rusk ya je gaban wani kwamitin Majalisar Dattawa yana goyon bayan ƙudurin kare haƙƙin jama'a. Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa dokar hannu ranar 2 ga Yulin 1964, ya kuma sa wa dokar 'yancin zaɓe hannu ranar 6 ga Agustan 1965.

Babu adalci a ce Afirka ce ta kawo waɗannan dokoki. Waɗanda suka kawo su su ne matan da suka yi fiye da shekara guda suna tafiya a ƙafa a Montgomery don ƙaurace wa motocin bas, da ɗaliban da aka lakaɗa wa duka a gidajen abinci, da mutane irin su Medgar Evers da Martin Luther King da aka harbe. Abin da idon duniya ya yi shi ne ƙara wa zaluncin tsada, har gwamnatin tarayya ta ga cewa yin shiru ya fi ɗaukar mataki asara.

Babu kuma dalilin ɗaukar cewa zuciyar Washington ta yi laushi ga Afirka. A watan Janairun 1961 aka kashe Patrice Lumumba a Kwango, kuma binciken da wani kwamitin Majalisar Dattawa ya yi a 1975 ya tabbatar da cewa hukumar leƙen asiri ta CIA ta ƙulla shirin sa masa guba, ko da yake ba ta hanyar ya mutu ba. Mobutu, wanda ya ƙwace mulki a 1965, ya shafe shekaru yana cin gajiyar goyon bayan Amurka. Gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu ma an daɗe ana lallaɓa ta saboda ma'adinanta da adawarta da kwaminisanci. Ruwa ba ya tsami banza. Amurka ta gyara abin da ke ba ta kunya a idon duniya, ta bar abin da take ganin yana kare muradunta.

Sai dai ƙuri'ar da baƙaƙen Amurka suka samu ta zo ta yi aikin da ba a yi tsammani ba. A 1971 'yan majalisa baƙaƙe suka kafa ƙungiyarsu a Majalisar Dokoki, ɗaya daga cikinsu, Ron Dellums, ya fara gabatar da ƙudurin takunkumi kan Afirka ta Kudu tun 1972. Daga ƙarshen 1984 ƙungiyar TransAfrica ta Randall Robinson ta jagoranci zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington, ana kama mutane kusan kowace rana. A 1986 majalisa ta amince da dokar takunkumi, Shugaba Ronald Reagan ya hau kujerar na-ƙi, majalisa ta yi fatali da matakinsa, a Majalisar Dattawa da ƙuri'a 78 kan 21. Ƙasa da shekara huɗu bayan haka aka saki Nelson Mandela. Matsin da ya tashi daga Afirka zuwa Amurka ya juyo ya dawo wa Afirka da riba.

A tsakanin nan Najeriya ma ta nuna cewa ana iya ce wa Washington a'a. Ta amince da gwamnatin MPLA a Angola a ƙarshen 1975, kuma da Shugaba Gerald Ford ya aike wa shugabannin Afirka wasiƙa kan matsayin da yake so su ɗauka, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta fito da wasiƙar fili ta yi watsi da ita, ya kuma maimaita matsayinsa a taron OAU na Janairun 1976. Shekara biyu bayan haka Shugaba Jimmy Carter ya zo Legas ziyarar aiki.

Abin da wannan tarihi yake nunawa shi ne babbar ƙasa tana sauraren ƙarama ne idan sharuɗɗa biyu suka cika: tana da abin da take nema a hannunta, kuma ƙananan sun yi magana da murya ɗaya. Sharaɗi na farko ya dawo, domin Amurka da Chana da Rasha da ƙasashen Turai duk suna neman ma'adinai da kasuwa da ƙuri'un Afirka. Na biyu ne ya yi ƙaranci. Shugabanni suna zuwa tarukan manyan ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙoƙon bararsa, a ba shi abin da ya samu ya dawo.

Akwai kuma darasin da ya fi ɗaci. Idan ƙasa mai ƙarfin Amurka ta kasa ɓoye abin da take yi wa 'yan ƙasarta a zamanin rediyo da jarida, gwamnatin da ke harbin masu zanga-zanga ko murɗe zaɓe ba za ta iya ɓoyewa a zamanin wayar hannu ba. Shugaban da ke son a saurare shi idan ya yi ƙorafin yadda ake wulaƙanta 'yan ƙasarsa a filayen jiragen sama da ofisoshin biza na ƙetare, wajibi ne ya fara da duba yadda ake bi da su a caji ofis da kotu da rumfar zaɓe a gida.